Harsashi Mai Zafi a Cikin Libarba: Inda Masu Bindiga Suka Fi Tafka Kuskure

Duk wanda ya daɗe yana riƙe libarba, wata rana sai ya ci karo da kwalin harsashi mai alamar +P a jikinsa, wato harsashi mai zafi, wanda matsinsa ya fi na yau da kullum. Zai juya kwalin a hannu, ya dubi bindigarsa, sannan ya yi tambayar da kowa ke yi: in na ɗura mata wannan, za ta fashe? Tun daga tambayar aka fara kuskure. Harsashin +P da ya fito daga kamfani na ƙwarai ba kasafai yake fasa lafiyayyar libarba ba. Tsufar da ita yake yi, a hankali, babu hayaniya. Shi ya sa gwajin da aka fi yi ba shi da wani amfani: a cika silinda, wato ɓangaren nan mai juyawa da ramukan harsashi, a kau da kai gefe, a harba shida, a duba a ga yatsu biyar suna nan kuma ƙarfe bai tsage ba, sai a ce ai ta ɗauka. Harbi shida ba zai gaya maka halin da bindigar za ta shiga bayan harbi dubu uku ba.

Bari mu fara da lambobi, don a san girman abin da ake magana a kai. A Amurka akwai ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai mai suna SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ke tsayar da iyakar matsin da kowane irin harsashi zai haifar a cikin bindiga. Da psi ake auna matsin, wato nauyin fam nawa ke danna kowane inci murabba'i. Harsashin .38 Special na yau da kullum iyakarsa 17,000. Mai alamar +P, 20,000. Shi kuwa .357 Magnum, wanda kaurin ƙwayarsa ɗaya da na .38 Special, yana kaiwa 35,000. Ka ga ke nan ƙarin da ke tsakanin na kullum da +P bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, alhali Magnum ya ninka na kullum har da ɗoriya. Abin da ya sa .38 Special ke da sanyi haka shi ne shekarunsa. A 1898 aka fito da shi, zamanin baƙin albarushi, kuma har gobe akwai bindigogin wancan zamani a hannun mutane, don haka aka bar iyakar a inda tsofaffin za su iya jurewa. Alamar +P dabara ce ta ba sababbin bindigogi ɗan ƙarin ƙarfi ba tare da an jefa tsofaffin cikin haɗari ba, muddin mai bindiga zai karanta abin da ke jikin kwali.

A ƙasashen da ke bin tsarin CIP, hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da gwajin bindigogi, akasarinsu a Turai, ba a sayar da ƙaramar bindiga sai an kai ta gidan gwaji an harba ta da harsashin da ya zarce iyaka da kashi 30 cikin ɗari, sannan a buga mata hatimi. Wasu kan kafa hujja da wannan, su ce tun da ta sha kashi 30 ba ta yi komai ba, ina ga kashi 18? Hatimin nan shaida ce cewa ƙarfen ba shi da ɓoyayyen aibi ranar da aka gwada shi. Bai yi alkawarin komai ba game da yau da gobe, kuma yau da gobe ita ce duk maganar.

Ga abin da ke faruwa a kowane harbi. Albarushi ya kama, kwanson harsashi ya doki bangon firam, wato gangar jikin bindigar, ta baya, ƙwaya ta tsallaka 'yar tazarar da ke tsakanin silinda da bututu ta afka cikin maƙogwaron bututun, wato mashigarsa ta baya, tana jan sa gaba. Firam ɗin na tsakiya ana ja-in-ja da shi, ita kuma silinda tana dukan baya da gaba a kan sandarta. A harbi ɗaya wannan ba komai ba ne. A dubbai, wuraren da ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe sai su fara lotsawa, silinda ta samu wurin yin wasa gaba da baya, wasan kuma da kansa yake ƙara wa kansa, domin silindar da ta samu filin gudu ta fi mai matsewa dukan firam da ƙarfi. Daga nan matsaloli ke biyo juna: tazara ta buɗe, iskar harbi ta riƙa zurarewa ta gefe, 'yar gudumar da ke dukan gindin harsashi ta fara tura silinda gaba maimakon ta tayar da wuta, sai ka ja kunama ka ji ƙyas babu harbi. Harsashin kullum ma yana yin wannan ɓarnar. Mai zafi dai ya fi shi sauri ne.

Gyaran wannan kuskure shi ne ka koyi duba bindigarka, ka daina jiran ta ba ka labari da ƙara. Ka zazzage harsasai, ka sake leƙa kowane rami ka tabbatar babu komai, sannan ka rufe silinda. Kama ta da yatsu biyu ka tura gaba, ka ja baya. A lafiyayyar bindiga da ƙyar za ka ji motsi. In kana jin ƙas-ƙas ƙarara, ko idonka na ganin tana tafiya, lokacin ganin maƙeri ya yi. Ɗaga bindigar ta gefe saitin haske, za ka ga wani siririn zaren haske tsakanin fuskar silinda da gindin bututu. Yawanci faɗinsa na kusa da inci 0.006, kaurin takarda ɗaya da rabi ke nan. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba, sai ka nemi siraran ƙarafan awon nan da makanikai ke auna bakin fulogi da su, ka auna sau biyu, silinda a ture gaba da kuma a ja baya. Bambancin awon biyu shi ne yawan wasan da take yi. Rubuta shi ka ajiye, domin lambar yau ba ta da amfani sai ranar da ka gwama ta da ta baɗi. Bayan nan ka ɗana guduma a hankali ƙwarai, rami bayan rami, kana saurare. Ya kamata ka ji silinda ta kulle kafin guduma ta gama tsayawa. In akwai ramin da sai ka taimaka masa da yatsa kafin ya kulle, juyin ya kauce, kuma irin wannan bindigar ce ke aske gefen ƙwaya ta watso wa na kusa da kai ɓarɓashin dalma a fuska. A ƙarshe ka buɗe silinda, ka goge maƙogwaron bututu tas, ka haska da tocila, ka duba ko akwai tsaga mai kama da silin gashi, musamman ta ƙasa.

Kuskure na gaba shi ne ɗaukar libarba duk ɗaya ce, wai tun da an rubuta .38 Special a jiki magana ta ƙare. Shekarar ƙira da irin ƙarfen su ke yanke hukunci. Kamfanin Smith & Wesson ya ja layi a littafin umarninsa: kada a sa +P a matsakaitan bindigoginsa, waɗanda yake kira masu firam K, da aka ƙera kafin 1958. Gane su ba wuya. Buɗe silinda ka duba jikin firam a gurbin da hannun silinda, ƙarfen da ke fitar da ita gefe, ke kwanciya. In ka ga lambar samfuri, misali MOD. 10, ta bayan layin ce. In babu, tsohuwa ce, ka bar ta a kan harsashin kullum. Shi kuwa Colt, game da ƙananan bindigoginsa na baya-baya irin su Detective Special da tsohuwar Cobra, bai hana ba amma ya gindaya sharaɗi: mai firam ɗin ƙarfe a kai ta a duba bayan harbin +P 2,000 zuwa 3,000, mai firam ɗin alminiyam kuwa bayan 1,000. A ganina babu amsar da ta kai wannan gaskiya a duk muhawarar, domin ba ta ce eh ko a'a ba, adadi ta bayar.

Alminiyam na da nasa hali. Baƙin ƙarfe in ba a wuce wani mizani ba yana iya shan duka kusan har abada, amma alminiyam tara gajiya yake yi komai ƙanƙantar dukan, wata rana sai ya tsage. A ƙananan bindigogi marasa nauyi wurin da aka fi ganin tsagar shi ne siririn ɓangaren firam da ke ƙarƙashin gindin bututu, kuma ba a ganinsa sai an buɗe silinda an leƙa. Rundunar sojin saman Amurka ta ɗanɗana wannan darasi a shekarun 1950, lokacin da ta sa Colt da Smith & Wesson suka ƙera wa matuƙa jirage libarba mai suna Aircrewman, wadda har silindarta ta alminiyam ce. Ba ta jure harsashi ba, aka janye ta, aka lalata mafi yawansu. Sababbin masu firam ɗin alminiyam na yanzu da yawa an rubuta +P ɓaro-ɓaro a jikin bututunsu, waɗannan an gina su don haka. Wadda ba a rubuta mata ba, kada ka rubuta mata da bakinka. Tsofaffin da ake karyawa ta sama a ɗura musu harsashi, da kwaikwayon Smith & Wesson da aka riƙa ƙerawa a Sifen a shekarun 1920 da ƙarfe mai taushi, su ba a ma kawo su cikin zancen.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen. Mutum na riƙe da .357 Magnum, bindigar da aka gina don matsin 35,000, yana fargabar sa mata .38 Special +P mai 20,000. Wannan tsoro ne na banza, a wurinta abin wasa ne.

Sai dai kalmar Magnum ma tana ruɗar mutane, su ɗauka lasisi ne na ɗura komai kullum. Labarin Model 19 ya isa misali. Bill Jordan, jami'in tsaron iyaka na Amurka, shi ya ba Smith & Wesson shawarar su sa .357 Magnum a matsakaicin firam K don ɗan sanda ya samu bindiga mai ƙarfi da ba za ta karya masa ƙugu ba, aka fito da ita a 1955. Tunanin lokacin shi ne a yi atisaye da .38 Special, a ɗura Magnum ranar aiki. Da aka shiga shekarun 1970 sai harsashin Magnum mai ƙwaya marar nauyi, giren 125, wato kimanin gram 8, ya samu karɓuwa, kuma 'yan sanda suka koma yin atisaye da abin da suke ɗauka. Nan fa maƙogwaron bututu ya fara tsagewa, kusan kullum a wuri guda, ta ƙasa, inda aka shafce ƙarfen don hannun silinda ya samu wurin rufuwa. Bayanin da maƙera suka fi bayarwa shi ne gajeriyar ƙwaya kan bar kwanso da wuri, albarushi bai gama ci ba, sai wuta da ɓarɓashi su yi ta dukan maƙogwaron. Ba bindigar ce marar kyau ba, aikin da ba a ɗauke ta don shi ba aka sa ta. Kamfanin ya amsa da firam L mai ɗan ƙarin kauri a farkon shekarun 1980, irin su Model 586 da 686. Mai tsohuwar Model 19 a yau, in yana son ta kai ga jikokinsa, ya yawaita .38, in zai sa Magnum ya zaɓi mai ƙwaya giren 158, ya kuma riƙa tsabtace maƙogwaron.

Wannan wutar ce kuma ke zana wani layi a ƙarfen firam da ya ratsa saman silinda, daidai kan tazara. Mutane kan firgita in sun gan shi. Galibi yakan ci ɗan zurfi ya tsaya, kodayake shi ne ya sa kamfanin Ruger ya daina ƙera libarbarsa Blackhawk mai cin .357 Maximum, harsashin da ya fi Magnum zafi, ba da daɗewa da fito da ita ba. Ka sa masa ido, amma tsagar maƙogwaro ta fi shi zama abin damuwa nesa ba kusa ba.

Ga wani kuskure da ni kaina na taɓa yi. Na harba kwali biyu na .38 Special mai ƙwayar dalma a cikin .357, ban goge ba na ɗura Magnum. Tun wajen ɗurawa na ji harsasan ba sa faɗawa da kansu, sai na danna da babban yatsa, amma na yi biris. Bayan harbi na tura sandar fitar da kwanso ta ƙi motsi, sai da na nemo guntun katako na ƙwanƙwasa. Da kwansunan suka fito, kowanne da baƙin zobe a kusa da bakinsa. Kwanson Magnum ya fi na .38 Special tsawo da kimanin milimita 3, an yi haka da gangan tun 1935 don kada ya shiga bindigar .38. To gajeren kwanso kan bar zoben toka da dalma a cikin rami, daidai inda bakin dogon zai zauna. Zoben nan yana matse bakin kwanso a kan ƙwaya, matsi ya hau. Maganinsa buroshin tagulla da ruwan wanke bindiga, rami shida, minti goma. In harsashi bai faɗa rami da nauyin kansa ba, kada ka danna, cire ka duba.

Daga nan sai babban kuskure, wanda shi kam yana fasa bindiga: ganin cewa duk abin da ya shiga rami ya dace da shi. Kama da wane ba ta wane. Harsashin .38 S&W daban yake da .38 Special, ya fi shi gajarta, ya kuma fi shi ɗan kauri. A Yaƙin Duniya na Biyu Smith & Wesson ya ƙera wa Birtaniya libarba masu ɗimbin yawa a kan .38 S&W, bayan yaƙi 'yan kasuwa suka riƙa zurfafa ramukansu don su ci .38 Special su sayu. Sai aka samu rami mai faɗi ta baya, kwanso ya kumbura ko ya tsage ko da harsashin kullum ne, balle +P. Wadda ta fi wannan muni ita ce Webley ta sojan Birtaniya mai cin .455, wadda aka riƙa aske bayan silindarta don ta karɓi .45 ACP. An gina ta ne don matsin da ke kusa da 13,000, shi kuwa .45 ACP na kullum 21,000 ne. Kowane harbi ke nan ya fi gwajin hatimi tsanani, a bindigar da ake karyawa ta sama, mai shekara ɗari. Duk bindigar da ka saya ta hannu, musamman tsohuwar ta soja, rubutun jikin bututu ba ya isa, sai maƙeri ya auna ramukan ya gaya maka ko wani ya taɓa su.

Haka alamar kanta, ba ko'ina take da ma'ana ɗaya ba. A harsasan ƙananan bindigogi kaɗan ne SAAMI ta tsayar wa iyakar +P, irin su .38 Special da 9mm da .45 ACP. Alamar +P+ kuwa ba ta da wata iyaka da aka amince da ita, abin da take faɗa kawai shi ne an wuce +P, ba ta ce da nawa ba. Smith & Wesson ya ce kada a sa shi a bindigoginsa sam. Shi ma .45 Colt, harsashin 1873 mai iyakar 14,000, babu wani +P nasa a hukumance, amma za ka ga kwalaye an rubuta haka, wasunsu matsinsu ya ninka iyakar. An yi su ne don manyan bindigogi masu kaurin silinda irin Ruger Blackhawk. A sa ɗaya a Colt Single Action Army ko kwaikwayonta, bangon raminta siriri ne, abin da zai biyo baya ba tsufa ba ne. Tarkon da ya fi kama mutane a nan shi ne suna. Ruger Vaquero ta farko, ta 1993, a kan babban firam aka gina ta. New Vaquero ta 2005 ƙaramin firam gare ta, kusan girman Colt. Mutum ya ji an ce ai Ruger tana ɗauka, bai tambayi wace Ruger ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Masu haɗa harsashi da hannunsu suna da nasu kuskuren, wato dogaro da alamun kwanso. Sun saba jin cewa in matsi ya yi yawa za a ga 'yar hular da ke gindin kwanso ta baje, ko kwanso ya maƙale. Wannan ilimin doguwar bindiga ne. Irin hular da ke gindin .38 Special ita ce dai ke gindin 9mm, inda take shan 35,000 ba ta nuna komai ba. Kafin ta baje a cikin .38, ka daɗe da wuce abin da bindigar za ta iya. Ga shi kuma kwanson .38 Special zurfi gare shi, gadon zamanin baƙin albarushi, albarushin zamani mai saurin ci ɗan kaɗan yake kwanciya a ƙasansa, har a zuba awo biyu bisa kuskure ido bai lura ba. Awo biyun nan shi ke ɗaga rufin silinda ya lanƙwasa firam. Shi ya sa ba na harba harsashin da wani ya haɗa, ko da aminina ne, ko da ya fi ni iyawa.

Kishiyar awo biyu ita ma tana fasa bututu, wato harsashin da albarushinsa ya yi kaɗan ko babu. Za ka ji ɗan fut maimakon ƙara, bindiga ba ta yi shuri ba, ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututu. Libarba kuwa ba ta san an yi haka ba, ja kunama kawai za ta juyo maka da na gaba. Duk harbin da ya yi maka wani iri a kunne ko a hannu, tsaya, zazzage, zura sanda a bututu ka ga ta fito ta ɗaya gefen. Ba ƙaramin adadi na bindigogin da ake cewa harsashi mai zafi ya kumbura su ba, in aka bincika, ƙwaya ce ta tarar da 'yar'uwarta a hanya.

Ƙananan bindigogi marasa nauyi sosai suna da wata matsala da ba ta shafi ƙarfin ƙarfe ba. Ɗauki irin Smith & Wesson 340PD, mai cin .357 Magnum amma nauyinta bai kai gram 350 ba. In ta yi shuri, silinda kan fizgi kwansunan da ba a harba ba ta yi baya da su, ƙwayoyinsu kuwa nauyinsu na son su tsaya inda suke, sai su riƙa zamowa gaba kaɗan-kaɗan. A harbi na huɗu ƙwayar ƙarshe na iya leƙowa ta fuskar silinda ta tokare, bindiga ta ƙi juyawa gaba ɗaya, a lokacin da ka fi bukatarta. Gwajin mai sauƙi ne: cika silinda, harba duka ban da ɗaya, ciro na ƙarshen ka jera shi da sabo ka ga ko ya ƙara tsawo. In ya ƙara, wannan harsashin ba na wannan bindigar ba ne, komai sunan kamfaninsa. A jikin bututun irin wannan bindigar za ka ga an rubuta kada a sa ƙwayar da ta gaza giren 120, saboda wutar ƙwaya marar nauyi na cin fuskar silindarta, wadda ta ƙarfen taitaniyam ce. Rubutun nan ba ado ba ne. Kuma silindar taitaniyam ba a kankare ta da takardar yashi ko wani abu mai kaushi, domin akwai rufin kariya a jikinta, in ya tafi ƙarfen ya shiga uku.

Wani lokacin kuma an bar jaki ne ana dukan taiki. A kawo wa maƙeri bindiga juyinta ya kauce, mai ita ya rantse +P ne ya ɓata ta, alhali hannunsa ne. Wurga silinda ta rufe da kaɗa wuyan hannu, yadda ake yi a fim, yana lanƙwasa hannun silinda fiye da abin da kwalaye da dama na harsashi mai zafi za su yi. Haka fizgar guduma da ƙarfi, silinda mai nauyi ta taho a guje ta daki abin da ke kulle ta, gurabun jikinta su yi ta faɗaɗa. Da yatsa ake tura silinda ta rufe, ɗaya hannun na tallafe da ita. Barin mai a cikin ramuka ma laifi ne, domin a lokacin harbi kwanso kan kumbura ya kama bangon rami ya rage dukan da ke komawa baya, in akwai mai sai ya zame ya sauke wa firam nauyin duka. Ramuka a bushe ake barinsu.

To, nawa ne daidai? Masu harba +P kullum a atisaye suna ƙona kuɗi da bindiga a kan ribar da ba ta taka kara ta karya ba, musamman a bututu mai inci 2, inda ƙarin gudun da ake samu ɗan kaɗan ne, ƙara da shuri kuwa su ƙaru sosai har mutum ya koyi runtse ido kafin harbi. Masu cewa kuma ba za su taɓa gwada shi ba sai ranar bukata, su ma sun kauce, kuma dalilin a saiti yake. Yawancin libarba masu saitin da ba a juyawa an daidaita su ne da ƙwaya giren 158. Ƙwaya marar nauyi mai gudu takan bar bututu kafin bakin bindiga ya gama ɗagawa, sai ta sauka ƙasa da inda ka auna, wani lokaci da tazarar da za ta ba ka mamaki. Ba za ka san nawa ba sai ka gani a takarda. Abin da nake yi shi ne mafi yawan atisaye da harsashin kullum, a ƙarshen zama in harba silinda ɗaya ko biyu na mai zafin, in ga inda yake sauka, in tuna wa hannuna irin shurinsa, babban yatsana kuma nesa da tazarar silinda, domin iskar da ke fita ta nan tana yanka fata. In na dawo sai in buɗe ɗan littafin da ke cikin akwatin bindigar, in rubuta kwanan wata, da adadin na kullum, da adadin mai zafi, da awon tazara in ranar awo ce.